Windows, Mac da Linux: Kowa da Ciwonsa, Mai Kwamfuta da Asararsa

Da asubahin Juma'a 19 ga Yulin 2024, da misalin ƙarfe 5:09 agogon Najeriya da Nijar, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke birnin Austin na Amurka ya tura wani ɗan ƙaramin fayil zuwa kwamfutocin abokan cinikinsa. Minti 78 kacal aka yi kafin a janye shi, amma aikin gama ya riga ya gama. Kwamfutoci miliyan 8.5 masu aiki da Windows, bisa ƙiyasin Microsoft, suka koma shuɗin allo. In an kunna su sai su mutu, su sake tashi, su sake mutuwa. Gidan talabijin na Sky News ya ɗauke, likitoci a Ingila suka kasa buɗe bayanan marasa lafiya, a wasu filayen jiragen sama aka koma rubuta takardar shiga jirgi da biro. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar, ya ce ya tafka asarar dala miliyan 500.

Musabbabin duk wannan bai taka kara ya karya ba. An tsara manhajar ta karɓi bayanai 21, aka miƙa mata 20. Da ta lalubi na 21 ba ta same shi ba, sai ta faɗi, kuma da yake a can cikin zuciyar Windows take aiki, ta ja kwamfutar gaba ɗaya suka faɗi tare. Gyaran kuwa sai da hannu. Ma'aikaci ya zauna gaban kowace kwamfuta, ya tashe ta ta hanyar gaggawa, ya nemo fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291 ya goge. Inda aka kulle rumbun ajiya da BitLocker, sai ya fara nemo mabuɗi mai lamba 48, ya buga su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya kuskure ko guda ba, sannan ya matsa kujera ta gaba. A wasu ma'aikatun, kwamfutar da aka adana mabuɗan a cikinta ita ma tana cikin waɗanda suka mutu.

A ranar masu riƙe da Mac da masoya Linux sun sha shagali, kowa na cewa da irin tasa ake amfani da haka ba ta faru ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin tun 2020 Apple ya fara korar manhajojin waje daga zuciyar macOS, abin da Microsoft ya ce yarjejeniyarsa ta 2009 da Hukumar Tarayyar Turai ta hana shi yi. Sai dai laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani. Watanni kaɗan kafin wannan rana, manhajar CrowdStrike ɗin nan ta kayar da kwamfutoci masu Debian da Red Hat, wato Linux, ba a dai ji ƙarar ba ne saboda ba su da yawa.

Gardamar wace babbar manhaja ce ta fi ta girmi da yawa daga cikin masu yin ta. Windows na riƙe da kusan kashi 70 cikin 100 na kwamfutocin tebur da laftof na duniya, macOS na biye da tazara mai nisa, Linux kuma sai a 2024 ya haura kashi 4 a ƙididdigar StatCounter. Abin da ya fi damuna ba wanda ke gaba ba ne. Manhajar da aka gina da layukan umarni miliyoyi ba za ta rasa kuskure ba, wannan kowa ya sani. Abin tambaya shi ne me ke faruwa idan mai kwamfuta ya ga kuskuren ya yi magana, kuma wa ke yanke hukunci a kan na'urar da ya saya da guminsa.

Sun faɗa, ba a ji ba

Ranar 2 ga Oktoban 2018 Microsoft ya saki babbar sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809. Cikin kwana biyu koke ya fara kwararowa: mutane sun sabunta, sun buɗe foldar takardunsu, sun tarar da ita wayam. Wani ya ce ya rasa fayilolin da ya tara shekara 23, kimanin gigabait 220. Ranar 6 ga wata aka janye sabuntawar, ba ta dawo ba sai 13 ga Nuwamba. Abin da ya faru shi ne, mutanen da suka taɓa sauya wa foldar takardu ko hotuna mazauni amma suka bar wasu fayiloli a tsohon wurin, manhajar ta ɗauka tsohuwar foldar fanko ce, ta share ta da abin da ke ciki.

Microsoft ya ce mutum ɗaya cikin dubu goma abin ya shafa. Wanda kundin digirinsa ko lissafin shagonsa ya salwanta, wannan adadi ba zai sanyaya masa rai ba. Babban abin takaicin ma yana gaba: watanni kafin a saki sabuntawar, masu gwajin sa-kai na shirin Windows Insider sun kai rahoton wannan matsala. Sai dai a tsarin karɓar koke na kamfanin, ƙorafin da ya fi samun masu goyon baya shi ke hawa sama. Mutum kaɗan ne fayilolinsu suka ɓace, don haka kukansu ya nutse a ƙarƙashin buƙatun masu son a gyara launi da kwalliya. Bayan ɓarnar ne aka ƙara wurin da mai koke zai nuna girman matsalarsa.

Wannan yana da tushe. A 2014 Microsoft ya sanar da rage ma'aikata 18,000, kuma garambawul ɗin ya ci da yawa daga cikin waɗanda aikinsu kawai gwada Windows ne kafin ta fita. A shekarar ce kuma aka buɗe shirin Insider. Nauyin gwaji ya koma kan masu rubuta manhajar, da na'urori, da jama'ar gari. A ganina nan ne amana ta fara tsagewa. Mutum ya biya kuɗin lasisi, sannan aka mai da shi ɗan gwaji ba tare da an gaya masa ba. A Maris ɗin 2021 ma wata sabuntawa ta sa kwamfutoci komawa shuɗin allo da zarar an tura takarda zuwa wasu firintoci, ciki har da na Kyocera.

Uzurin Microsoft ba na banza ba ne. Windows tana hawa kan dubban nau'ukan kwamfuta daga ɗaruruwan kamfanoni, kowace da katin hoto da na sauti da firinta daban, ga tsofaffin manhajojin bankuna da asibitoci da dole su ci gaba da aiki. Lokacin Windows Vista a 2007, takardun da suka fito a kotu sun nuna direbobin katin hoto na Nvidia ne suka haddasa kusan kashi 29 cikin 100 na faɗuwar da aka tattara, amma sunan Vista ne ya ɓaci. Ba mai iya gwada kowane haɗi. To amma wanda ya san ba zai iya gwada komai ba, bai kamata ya tilasta wa kowa karɓa ba.

Apple, mai gida da mabuɗi

Apple ba shi da wannan uzuri. Shi ke ƙera kwamfutar, shi ke rubuta manhajar, nau'ukan Mac kuma ƙidayayyu ne. A kan haka ya gina tallarsa ta 2006 zuwa 2009, wadda ta yi ta zolayar Windows. Shi ya sa abin da ya faru ranar 28 ga Nuwamban 2017 ya girgiza mutane. Wani injiniyan manhaja ɗan Turkiyya, Lemi Orhan Ergin, ya sanar a Twitter cewa a macOS High Sierra, in ka rubuta root a wurin suna, ka bar gurbin kalmar sirri fanko, ka danna maɓallin buɗewa sau biyu ko fiye, kwamfutar za ta miƙa maka cikakken iko. Ba ƙwarewa, ba dabara. Duk wanda ya samu Mac ɗinka a kan tebur zai iya.

Apple ya fitar da gyara cikin kwana ɗaya, ya kuma nemi afuwa, wannan a yaba masa. Amma gyaran ya lalata musayar fayil tsakanin kwamfutoci ga wasu, waɗanda kuma suka sabunta zuwa 10.13.1 daga baya suka ga ramin ya sake buɗewa. Sannan aka gano cewa makonni biyu kafin nan wani ya riga ya rubuta wannan hanya a zauren masu haɗa manhaja na Apple ɗin kansa, a matsayin shawara ga wanda ya kasa shiga kwamfutarsa, ba wanda ya lura. Tun kafin wannan ma, an tarar manhajar kula da rumbun ajiya tana nuna ainihin kalmar sirri a inda ya kamata ta nuna ɗan tunin da mutum ya ajiye.

Ciwon Mac na yau da gobe iri daban ne. Apple ne ke zaɓa maka, in ya juya kuma ba ya waiwaye. A 2019 macOS Catalina ta daina karɓar duk manhajoji masu bit 32, wanda ya sayi Office 2011 da kuɗinsa ya wayi gari ba ta buɗuwa. Ranar 12 ga Nuwamban 2020, ranar da aka saki Big Sur, masu Mac a faɗin duniya, har da waɗanda ba su sabunta ba, suka ga manhajojinsu sun ƙi buɗuwa da wuri. Dalili shi ne kowace Mac kan tuntuɓi wata uwar garken Apple don tantance manhaja, ranar kuma uwar garken ta yi nauyi. Da yawa sai a lokacin suka san cewa kwamfutar da ke kan cinyarsu tana neman izini daga Kalifoniya. Ga kuma ƙananan abubuwan da ke ci wa sabon shiga tuwo a ƙwarya: ka rufe taga amma manhajar na nan a kunne, ka jona rumbun ajiyar da aka tsara a Windows ka ga Mac na karantawa amma ba ta rubutu a kai. Jera tagogi gefe da gefe ta hanyar ja da linzami, abin da Windows 7 ta kawo a 2009, sai a 2024 ya iso macOS.

Linux: ƙofa a buɗe, jira ba iyaka

Ina da rauni a kan Linux, ba zan ɓoye ba. Kyauta ne, kowa na iya duba yadda aka gina shi, yana farfaɗo da tsohuwar kwamfutar da Windows ta yi wa nauyi, kuma rahoton kuskure a bainar jama'a yake, kowa na ganin inda aka kwana. Wannan buɗaɗɗen tsari ne ya warware wata matsala mai ban mamaki wajen 2009, lokacin da masu Ubuntu suka yi ta kukan OpenOffice na ƙin buga takarda a wasu firintocin Brother, yau ta yi gobe ta ƙi. Matar wani mai amfani da ita ce ta lura ranar Talata kawai abin ke faruwa. Da aka bi diddigi, sai aka ga wata ƙaramar manhaja mai tantance nau'in fayil tana ganin gajeren sunan Talata na Turanci a kwanan watan da ke saman takardar, sai ta ɗauke ta wani irin fayil daban, firinta ta ƙi karɓa. Miji ya rubuta abin da matarsa ta gani, masana suka karanta, aka gyara.

Amma a ji kukanka daban, a share maka hawaye daban. A 2004 aka nemi tagar zaɓen fayil ta GNOME, ɗaya daga cikin fuskokin Linux, ta riƙa nuna hotuna a jere da ƙananan siffofinsu, yadda mai neman hoto zai gane wanda yake so ba sai ya bi suna ba. Ba a kammala wannan ba sai ƙarshen 2022, ya iso hannun jama'a a 2023. Shekara 18. Ba mugunta ba ce, yawancin masu aikin 'yan sa-kai ne, kowa na gyara abin da ya dame shi, kuɗin kamfanoni kuma ya fi karkata ga Linux na manyan uwayen garke, inda riba take.

Kuma Linux ba ya hana ka cutar da kanka. A Janairun 2015 aka gano layi ɗaya a manhajar wasanni ta Steam wanda, in aka matsar da foldarta, yakan share duk fayilolin mai kwamfutar, har da na rumbun da ya jona. A 2021 Linus Sebastian, mai tashar fasaha a YouTube da miliyoyin mabiya, ya gwada saka Steam a Pop!_OS, wani nau'in Linux. Wani kuskure a kunshin manhajar ya sa kwamfutar ta jero masa dogon gargaɗi cikin yaren masana, ta ce in ya yarda ya rubuta jimlar amincewa. Ya rubuta, fuskar kwamfutar gaba ɗaya ta goge, ya rage daga shi sai baƙin allo. Wasu masoya Linux suka ce laifinsa ne da bai karanta ba. Ban yarda ba. Mutumin da ya zo saka manhajar wasa bai kamata a miƙa masa hanyar rushe komai ba, kuma masu kula da manhajar sun gane haka, domin sun toshe hanyar bayan abin ya faru. Ƙara da rarrabuwar kai: deb, rpm, Snap, Flatpak, AppImage, duk hanyoyin saka manhaja ne, sabon shiga bai san wacce zai bi ba. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux a 1991, ya sha kokawa da wannan, kuma a 2011 shi da kansa ya bar GNOME 3 don haushin yadda aka sauya ta.

Birnin Munich na Jamus ya ɗanɗana duka biyun, Linux da Windows. A 2003 majalisar birnin ta zaɓi Linux duk da shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya taka har can don ya shawo kanta. Zuwa 2013 an mayar da kwamfutoci kusan 15,000. A 2017 majalisar ta juya, ta ce a koma Windows, bisa koken ma'aikata kan musayar takardu da sauran hukumomi da kuma manhajojin aiki da ba sa hawa Linux, ko da yake binciken da birnin ya sa aka yi ya ɗora babban laifin a kan rarrabuwar sassan kula da kwamfutocinsa. A 2024 kuma jihar Schleswig-Holstein ta sanar za ta mayar da kwamfutoci 30,000 kan LibreOffice da Linux. Har yanzu tsugune ba ta ƙare ba.

Sauyin da ba wanda ya roƙa

Kuskure aƙalla ba da gangan ake yin sa ba. Abin da ya fi ƙona rai shi ne wanda aka zauna aka tsara. A 2012 Windows 8 ta cire maɓallin Start da mutane suka saba da shi tun 1995, don a dace da allon taɓawa wanda yawancinsu ba su da shi. Sai da aka yi shekara uku kafin cikakken jerin ya dawo a Windows 10. A 2016, lokacin da ake matsa wa mutane su koma Windows 10, an kai matsayin da danna jan maɓallin rufe sanarwar ake ɗaukarsa amincewa. Wata mai kamfanin shirya tafiye-tafiye a Kalifoniya ta kai ƙara, aka biya ta dala 10,000. Windows 11 ta zo a 2021 ta hana matsar da sandar ƙasa zuwa gefe ko sama, ta ɓoye rabin zaɓin danna dama a bayan wani dannin, ta kuma nace sai da intanet da asusun Microsoft kafin a gama saita sabuwar kwamfuta. Saituna kuwa tun 2012 suke rabe gida biyu, wasu a sabon wuri, wasu a tsohon Control Panel.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu, domin waɗanda suka tsara waɗannan abubuwa sun ɗauka kowa na da wuta dare da rana da intanet marar iyaka. Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu kusa da wata jami'a ya san wannan yanayi. Ɗalibai sun yi layi da filashi a hannu, gobe ne ranar ƙarshe ta miƙa kundi. Mai shago ya kunna laftof, batirinta ya daɗe da mutuwa, da waya kawai take rayuwa. Allo ya yi shuɗi, ɗigo-ɗigo na juyawa, rubutu na cewa ana sabuntawa, kashi 30 cikin 100, kada a kashe kwamfuta. Ba maɓallin dakatarwa. Mai shago na kallon allo, yana kallon ƙwan fitila, yaronsa na tsaye kusa da janareta da igiya a hannu, don in aka ɗauke wuta a wannan gaɓa ana iya rasa Windows ɗin baki ɗaya. Datar da ya saya don aikin mako kuma ta riga ta tafi a saukar da abin da bai nema ba.

Shi ya sa masu gyara da yawa ke kashe sabuntawa gaba ɗaya da zarar sun ɗora wa mutum Windows. Na fahimci dalilinsu, amma gaba kura ce baya sayaki. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, alhali Microsoft ya fitar da maganin ramin da ta bi tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta ci. Kamfanin da ya sa mutane tsoron sabuntawa yana da kaso a alhakin duk wanda ya gudu ya faɗa hannun ɓarayi.

Komawa wani gidan ma ba sauƙi ba ne. Mac ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Mai ɗab'i da ke cin abinci da CorelDRAW da Photoshop ba zai same su a Linux ba. Mu masu rubutu da Hausa kuma muna da namu ƙarin: Windows na da tsarin allon rubutu na Hausa, Linux na da na Najeriya da na Gana, amma ba a rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a jikin maɓallan ba, kuma salon haruffa da yawa ba su da su. Sai ka buga takarda ka ga harafi mai lanƙwasa ya fita daban da 'yan'uwansa, ko ya koma ɗan akwati a kwamfutar wanda ka tura wa. Da yawa sun haƙura sun koma rubuta baƙaƙen ba lanƙwasa.

Wani babban ƙalubale kuma shi ne na 14 ga Oktoban 2025, ranar da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, in ban da ƙarin shekara guda ga wanda ya biya dala 30 ko ya cika wasu sharuɗɗa. Windows 11 tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesar Intel ƙarni na 8 zuwa sama ko makamanciyarta. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta kwamfutoci miliyan 240 ne wannan sharaɗi zai iya mayarwa shara, alhali lafiyarsu ƙalau. Irin waɗannan ne ofisoshin Turai da Amurka ke sallamarwa, su kuma ke sauka a Computer Village ta Ikeja da titin Beirut na Kano a matsayin na hannu. HP EliteBook 840 G3, wadda ta cika kasuwa, ƙarni na 6 ce. G4 ƙarni na 7. Sai daga G5 mai firosesa ƙarni na 8 ne Windows 11 ke karɓa a hukumance. Ana iya ɗora ta a kan tsofaffin ta bayan fage, amma Microsoft bai yi alƙawarin ci gaba da ba su sabuntawa ba.

Don haka mai karatu, kafin ka ƙirga kuɗin laftof ta hannu, ka sa mai shago ya buɗe maka bayanan firosesa ka ga ƙarninta da idonka. In ta gaza na 8, ka nemi ragi mai kauri, ko ka saye ta da niyyar ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu in aikinka rubutu ne da intanet. In kana kan Windows, ka shiga saitin intanet ka nuna mata datarka a ƙidaye take, ka jinkirta manyan sabuntawa na 'yan makonni har a ji yadda suka yi da wasu, amma kada ka kashe na tsaro. Kuma kowace iri kake riƙe da ita, yau ɗin nan ka kwafe takardunka da hotunanka a wani rumbu daban, ka cire shi daga jikin kwamfutar ka adana.